Kunnen Bokiti

Ranar Talata bokitina ya tsage
a Rigasa, bayan firamare,
muna haƙa lambatu kafin ruwa ya sauka.
Marmara ce ta cinye haƙora uku,
ta bi ta ƙasa ta raba kunnen hagu.
Katafila ta tsaya da hannu a sama
kamar mai rantsuwar da bai san laifinsa ba.

Ɗan kwangila ya ce kwana biyu.
Na ce to. Me zan ce?

Na samo igiyar buhu na auna:
ƙulli ɗaya, kaurin fin,
ƙulli biyu, daga kunne zuwa kunne,
na uku daga rami zuwa rami.
Na cusa a aljihu kusa da goro
na hau Keke sai Panteka.

A Panteka ƙarfe ba ya mutuwa,
kishingiɗa yake yi yana jiran mai nema.
Ga bokitai sun kifa baki a ƙasa,
mai faɗi na yashi, siriri na ramin famfo,
mai haƙori ɗaya kamar ƙahon karkanda,
ga gudumar fasa dutse, tiyonta na ɗigar mai
kamar akuyar da ba a tatsa ba.

Barau dillali ya ce, “Wannan naka ne,
daga jirgi aka sauke shi, ko fenti bai koɗe ba.”
Na ɗora igiya. Ƙulli ya wuce da yatsa biyu.
Ya ce, “Yatsa biyu ai ba komai.”
Na ce, Barau, yatsa biyu ne tsakanin ido da hanci.
Bokitin da ke rawa a kan fin
wata guda zai cinye hannun mota,
ni kuma in ci bashin da ban ranta ba.

Na duba bakwai. Na duba tara.
Na Japan ramin ya yi ƙunci,
na Koriya kunnuwa sun yi nisa da juna,
na Sin ya zauna daram, amma in ka ƙwanƙwasa
sai ya amsa da muryar langa.
Duk sunansu bokiti,
kowa da uwar da ta haife shi.

La'asar sakaliya na isa rumfar Ishaya,
tsohon mai walda, gilashinsa ɗaure da roba.
Bai tambayi sunan mota ba.
Ya karɓi igiyar ya shafa ƙullin
kamar mai jan carbi,
ya ce, “Ka sayi na Koriyan.
Cikinsa lafiya, kunne kawai za mu sauya.”

Ya jawo wani farantin ƙarfe daga ƙarƙashin benci,
mai kauri, da lamba a gefe.
Ya ce daga masaƙar Kakuri ya fito,
gindin injin saƙa ne, tun ranar da aka rufe ƙofa.

Na yi shiru.
Shekara goma sha tara babana ya tsaya gaban irinsa.
Da aka sallame su ya gwada gadi, ya gwada tireda,
ko'ina ramin bai zo daidai da shi ba.
Babu wanda ya auna shi da igiya.

Wuta ta tashi shuɗiya.
Ishaya ya yanka, ya huda, ya dasa bushin,
yaronsa Tanimu na zuba ruwa, ƙarfe na tsaki.
Nepa ta ɗauke, janareta ya karɓa.

Ranar Alhamis da hantsi muka rataya shi.
Na shafa giris, na buga fin da guduma,
sau huɗu, ya shige bai yi gardama ba.
Na ɗaga hannu, na sauke,
haƙora suka nutse cikin jar ƙasa.

Yanzu duk cokalin da na kwaso
ina jin nauyinsa a kunnen nan biyu.
Gabas ta fara haɗa hadari.
Saura mita tamanin mu kai kwalbati,
igiyar kuma tana aljihuna, ban kwance ƙullin ba.